Midil Ta Zariya Da Hannun Iyaye

Makarantar nan ta birnin Zazzau da ake kira Alhudahuda, an kafa ta a 1910, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Allah Ya jiƙansa. Daga baya ta zama Midil. Can da, Baitulmalin En'e ke ɗauke da nauyin Midil, amma duk da haka iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi don tsoron karatun Nasara.

Yau al'amari ya juya. Iyaye ke neman gurbi, kuma a makarantu da dama sai ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo kafin a gyara rufi ko a sayi benci. Madalla da wannan.

To, amma akwai abin dubawa. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa. Ɗalibi yakan fara daga ƙaramar hukuma, ya wuce jiha, sannan ya haɗu da gwanayen ƙasa. In ya ci izu sittin, sai attajirai su yi ta gasar kyauta ran walima. Malamin da ya shekara bakwai yana gyara masa madda da gunna kuwa, ko kuɗin Laraba sai ya yi ta aike gida.