Hooligan: Sunan da Landan Ta Raɗa wa Taƙadaran Samari

A watan Agusta na 1898 jaridun Landan suka cika da wata sabuwar kalma, hooligan. Da ita suke kiran samarin unguwannin talakawa irin su Lambeth da Southwark, masu yawo gungu-gungu suna tare hanya, suna jibgar masu wucewa, har da 'yan sanda. Bahaushe zai ce 'yan daba. Kalmar ta haɗa abu biyu: tayar da hargitsi a bainar jama'a, da kunnen ƙashi ga hukuma.

Marubuci Clarence Rook, a littafinsa na 1899, ya jingina ta ga wani ɗan Ayalan mai suna Patrick Hooligan, da ya kashe ɗan sanda ya mutu a kurkuku. Wasu kuwa sun ce sunan wani iyalin 'yan Ayalan ne mai rigima a waƙoƙin barkwanci na zamanin. Ko ta ina aka bi, baƙi 'yan Ayalan aka shafa wa baƙin jinin.

Ƙwallon ƙafa ta ƙara yaɗa kalmar a duniya. Ranar 29 ga Mayu 1985, a filin Heysel da ke Brussels, magoya bayan Liverpool suka auka wa na Juventus, katanga ta rufta, mutum 39 suka mutu. Aka haramta wa kulob-kulob na Ingila gasar Turai shekara 5. A nan sunan ya dace da masu shi.

Amma a filin ƙwallo na Hillsborough, a 1989, zalunci aka yi da shi. Turmutsutsu ya ci rai 97, 'yan sanda da jaridar The Sun suka ɗora laifin kan 'yan kallo, wai mashaya ne masu tarzoma. Iyaye suka yi ta fafutuka har 2016, lokacin da binciken kotu ya wanke magoya bayan, ya tabbatar da sakacin 'yan sanda. Shekara 27 uwa tana jin ana zagin ɗanta da ke kabari!

Rashawa sun ari kalmar, suna cewa huligan, suka kuma shigar da ita kundin laifuka. Tana cikin tuhumar da aka yi wa Mathias Rust, matashin Bajamushen da ya sauke ƙaramin jirgi kusa da Jan Dandali na Mosko a 1987. Da ita kuma aka yanke wa mata uku na ƙungiyar Pussy Riot ɗaurin shekara 2 a 2012, bayan sun yi waƙar adawa da Putin a cikin babbar majami'ar birnin.