Gidan Wasan Kwaikwayo Na Ƙasa A Ikko: Daga Kuɗin Mai Zuwa Kuɗin Bankuna

Ran 1 ga watan Oktoba na 2025, watau ranar da Nijeriya ta cika shekara 65 da samun mulkin kai, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sake buɗe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke unguwar Iganmu a birnin Ikko, bayan an yi masa gagarumin gyara. A wurin bikin, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Mista Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa Kwamitin Shugabannin Bankuna ya kashe Naira miliyan dubu 68 a kan aikin. Tarihin yadda ginin da aka taɓa yin alfahari da shi a duk Afirka ya lalace, har sai da bankuna suka kawo masa ɗauki, darasi ne ga duk mai niyyar zuba jari a babban gini.

An fara aikin ne a 1973, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, kuɗi suka cika baitulmalin Gwamnatin Tarayya. Wani kamfanin ƙasar Bulgeriya mai suna Technoexportstroy ne ya yi kwangilar, kuma an kwaikwayi fasalin wani zauren wasanni da al'adu da ke birnin Barna na ƙasar tasu. An kafa ginin a kan fili mai fadama, faɗinsa kimanin murabba'in mita 23,000, tsayinsa kuwa ya haura mita 30, kuma wanda ya hango shi daga nesa sai ya ga kamar hular hafsan soja ce aka ajiye. An buɗe shi a 1976, lokacin Janar Olusegun Obasanjo. A ciki akwai babban zaure mai ɗaukar mutum 5,000, da zauren taro da liyafa, da wuraren baje koli, da ɗakunan majigi guda biyu. Ƙwararrun masu zane da sassaƙa, irin su Erhabor Emokpae da Yusuf Grillo da Lamidi Fakeye, su ne suka ƙawata shi.

Dalilin ginin shi ne Bikin Al'adun Baƙar Fata na Duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC, da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977. Mahalarta kimanin 16,000 ne suka zo daga ƙasashe fiye da 50, cikinsu har da mawaƙa irin su Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu da Stevie Wonder na Amurka. An gina unguwa guda a Ikko domin saukar baƙi, aka kuma yi babban hawan daba a Kaduna, inda sarakunan Arewa suka fito da dawakinsu.

To, amma biki na wata guda ne, ɗawainiyar gini kuwa ta kullum ce. Na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu da sauran injunan gidan kusan duk daga waje aka shigo da su, saboda haka kayan gyaransu ma sai da kuɗin waje. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sa'an nan aka karya darajar Naira a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, sai sayen waɗannan kayayyaki ya gagara. Bugu da ƙari, tun a watan Fabrairu na 1976, kafin ma a buɗe gidan, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar mayar da babban birnin tarayya Abuja. Da aka ƙaura a watan Disamba na 1991, manyan tarurrukan gwamnati suka bi sahu.

Kasuwar 'yan kallo ma ta sauya. A da, finafinan Yarbanci na Cif Hubert Ogunde da takwarorinsa kan cika gidan maƙil, musamman a ranakun hutu. Tsadar kayan ɗaukar majigi ta kori masu shirya finafinai zuwa kaset na bidiyo, kuma daga 1992 sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, mutane suka koma kallo a ɗakunansu. Kiɗa ya sauya, amma gidan bai sauya rawa ba. A cikin shekarun 1990 aka rufe babban zauren, ya kuma zauna a rufe wajen shekara talatin, rufi yana yoyo, kujeru suna ruɓewa. Ke nan ɓangaren da ya kamata ya fi kawo kuɗin shiga shi ne ya daina aiki.

A 2001 gwamnatin Cif Obasanjo, wanda shi ne ya buɗe gidan yana soja, ta bayyana niyyar sayar da shi ga 'yan kasuwa. 'Yan wasan kwaikwayo da marubuta, cikinsu har da Farfesa Wole Soyinka, suka yi ca a kan shirin, suna cewa kayan tarihi ne na ƙasa, bai kamata ya zama hajar ciniki ba. Su kuwa masu goyon baya suka ce gwamnati ta riga ta nuna ba za ta iya riƙe shi ba. An yi ta yunƙurin ba da shi jingina a shekarun da suka biyo baya, amma babu wanda ya kai gaci, ginin kuwa yana ƙara tsufa.

An sami mafita ne a watan Yuli na 2020, sa'ad da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta miƙa gidan ga Babban Banki da Kwamitin Shugabannin Bankuna, bisa sharaɗin su gyara shi, mallaka kuwa ta ci gaba da zama ta Gwamnatin Tarayya. Shirin ya haɗa da kafa cibiyoyi huɗu a filin da ke kewaye, na kiɗa da waƙa, da finafinai, da ɗinki da kayan ado, da fasahar sadarwa. A 2021 an ƙiyasta gyaran ginin a kan kimanin Naira miliyan dubu 21, kafin faɗuwar darajar Naira ta 2023 ta tsawwala farashin duk abin da ake shigowa da shi. A watan Yuli na 2024 aka sa wa gidan sunan Farfesa Soyinka, albarkacin cikarsa shekara 90 da haihuwa.

Yanzu gidan yana da wasu abubuwa da bai samu a da ba. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumba na 2023 yana da tasha a kusa da shi, abin da ke rage wa 'yan kallo wahalar cunkoson motoci. Har ila yau, mawaƙan Nijeriya suna cika manyan zauruka a Ingila da Amurka, alhali a gida wuraren da za su ɗauki dubban mutane ƙarƙashin rufi kaɗan ne.

Duk da haka, tambayar da ta kayar da gidan a karon farko tana nan daram: wa zai biya kuɗin wuta da tsaro da albashi da gyaran injuna kowane wata? Amsar tana ga yawan ranakun da zaurukan za su yi aiki a shekara, da kuɗin hayar da masu shirya wasanni za su iya biya, da kuma ko za a riƙa ware wani kaso na kuɗin shiga domin gyara tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Kuɗin mai ya gina gidan, kuɗin bankuna ya farfaɗo da shi. Abin da ya rage shi ne ya ciyar da kansa.