Wa'adin Gidan da Kake Ciki Yana Tafiya

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, ku buɗe adaka yau. Ku fito da takardar gidan da kuke ciki. Ku duba ranar da wa'adinta zai cika. Wanda ba shi da takarda, maganar ta fi shafarsa. Kada kowa ya firgita. Akwai sauran lokaci, amma kullum raguwa yake.

Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a 2018, da jama'a suka kwarara Gandi, mutanen ƙauye ke ta komawa gari. Ɗaki ya yi tsada. Da yawa sun shiga gidajen mutane da maganar baki kawai: "Zauna, Allah ya kawo sauƙi." Mai gida mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma mai rai mamaci ne. Wata gwaggona ta shekara huɗu tana biyan hayar ɗaki biyu, ba rasit ko ɗaya. Mai gidan ya rasu. Kafin arba'in magada sun kawo dillali. Na iske ta a tsakar gida tana ƙulle tukwane cikin zane, jikokinta na zaune kan buhun gero. Na ce, "Gwaggo, ina takarda?" Ta ce, "Ɗan nan, da marigayin muka yi magana." Ba ta da abin da za ta nuna wa alƙali.

Mai takarda ma kada ya saki jiki. A ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi, mai hayar shekara-shekara ana ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi. Wanda yarjejeniyarsa ta yanke ranar ƙarewa kuwa, ranar na cika haƙƙinsa ya ƙare. Sanarwar kwana bakwai ta ishi mai gida ya nufi kotu. Wa zai sami muhalli cikin kwana bakwai, da mata da yara, ana tsakiyar damina? Tun da sauran wata uku ake sabuntawa, lokacin da kake da bakin ciniki. In ka bari sai ranar ƙarshe, abin da aka yanka maka shi za ka biya.

Ku ma masu gida, wa'adi na kanku. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin birni gwamna ke bayarwa, na karkara ƙaramar hukuma. Abin da ke hannunka izinin zama ne, kuma satifiket ɗin gidan zama galibi shekara 99 yake. Wanda ya sayi gida ragowar shekarun ya saya. Takardar 1980 za ta ƙare a 2079. Jaririn da aka raɗa wa suna bana zai ga ranar, in Allah ya ba shi rai. A Ingila, inda irin wannan mallaka ta daɗe, da zarar wa'adin gida ya gaza shekara 80 darajarsa sai ta faɗi, kuɗin ƙara wa'adin kuma ya hau.

Ga kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai satifiket ke biyan gwamnati. Mutane sun manta da shi. Bashi ne, taruwa yake. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyansa. Dokar da ta yi aiki a can ita ce a Sakkwato.

Jingina ta fi komai ba ni tsoro. Rana ta ɓaci, an sace ɗan'uwa ko ciwo ya tsananta, sai mutum ya ba da gida a karɓo kuɗi cikin dare. Ba a rubuta nawa ba. Ba a rubuta yaushe za a fansa ba. Shaidu su mutu, jingina ta rikiɗe ta zama sayarwa a bakin 'ya'ya. Shi ma mai karɓa bai tsira ba. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba.

Takardar kanta tana lalacewa. Gara na ci. Waɗanda suka ga ambaliyar kogin Rima a 2010 sun san abin da ruwa ke yi wa adaka. A ɗauki hoton takardar a waya, a ajiye kwafi wajen ɗan'uwa a wani gari.

Kai mai haya, cikin makon nan ka sami mai gidanka, da shaidu biyu da mai unguwa. A rubuta kuɗin. A rubuta ranar shiga da ranar fita, da yadda za a sabunta. A rubuta abin da zai faru in ya sayar ko ya rasu. Kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa.