Ɗarin Dallol Mawri a Kan Teburin Wasa

Akwai wani wasa da mutum huɗu ko biyar kan zauna su yi da takarda da fensir da ɗan ludo, su raba dare suna tafiya a dajin da babu shi sai a bakinsu. Mutum ɗaya ke riƙe da labarin, a kira shi madugun wasa. Shi ke cewa ga inda kuke, ga abin da idonku ya gani, ga rana tana shirin faɗuwa. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan maharbi, wancan boka, waccan jaruma, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi. In abu ne mai sauƙi, madugu ya ce an yi. In kuwa da shakka, kamar hura wuta cikin iska ko gano sawun da ya ɓace, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da makin ƙwarewar mutumin, a duba ko ya kai adadin da madugu ya yanka. Wannan jifa shi ake kira gwajin gwaninta.

Uban irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Gygax mazaunin Lake Geneva ne a jihar Wiskonsin, Arneson kuwa ɗan Minesota, duka ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. Tun a bugun farko sun shawarci 'yan wasa su nemi allon wani wasa mai suna Outdoor Survival, na kamfanin Avalon Hill na 1972, don tafiyar daji. A 1986 aka ware wa maganar littafi sukutum, Wilderness Survival Guide na Kim Mohan, cike da jadawalin iska da sanyi da yunwa.

Wasan bai bazu a ƙasar Hausa ba, amma kayan haɗinsa na gida ne. Da tatsuniyar dare, da lissafin dara, da kwaikwayon manya irin na wasan kara a Damagaram, duk an saba da su. Wanda ya so gwada shi a Kore Mairuwa, garin da ke bakin babbar hanya mai lamba 1 tsakanin Doso da Dogondutsi, zai ci karo da matsala ɗaya tun bai yi nisa ba: dokar sanyin da ke cikin littafin wasan ba ta san ɗarin Arewa ba.

Ga yadda take a bugun wasan na 2014. In sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, kowane mutum zai yi jifa sau ɗaya a kowace awa, yana neman 10 ko fiye. Ya faɗi, ya hau mataki ɗaya na galabaita. Matakan shida ne: a na biyu saurin tafiyarsa ya ragu da rabi, a na biyar ya kasa ɗaga ƙafa, a na shida sai gawa. Lissafin ba shi da wuya. Fuskoki 11 cikin 20 ne ke ba da nasara, wato kashi 55 cikin ɗari ga wanda ba shi da ƙarin maki. Ya tsallake awa takwas ba faɗuwa ko ɗaya? Damarsa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Daga mataki na uku kuma sai ya jefa biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta, nasarar ta dawo wajen kashi 30. Da ya fara gangarawa, sai dai a yi masa addu'a.

Sai kuma layi na gaba ya rushe wannan duka: wanda ya sa tufafin sanyi ya ci gwajin ba tare da jifa ba. Ke nan duk hunturun ya dawo tambaya ɗaya, ka sayi riga a kasuwa ko ba ka saya ba. Yunwa da ɓatan hanya ma haka suka ƙare. Akwai tsafin da ke ba da 'ya'yan itace goma, kowanne ya ƙosar da mutum yini guda, akwai kuma irin maharbin da doka ta ce ba ya ɓacewa a dajin da ya saba da shi. Shi ya sa 'yan wasa da yawa ke kukan cewa tafiyar daji a wannan bugu ko dai ta zama jifa ba ƙaƙƙautawa har kowa ya yi hamma, ko a tsallake ta da jimla ɗaya.

A Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ratsa ƙasar Dogondutsi da Tibiri ya gangara wajen Gaya, dokar ba za ta ma motsa ba. Daren Janairu kan sauko wajen digiri 15 zuwa 17, wani daren ƙasa da haka, da rana kuma zafi ya haura 30. A ma'aunin littafin wannan ba sanyi ba ne. A je a faɗa wa makiyayin da ya kwana a fili da garkensa, ko mai noman rani da ya shiga fadamar rake da asuba ƙafarsa cikin ruwa.

Ɗarin nan yana cin mutum ta hanyoyin da ma'aunin zafi ba ya nunawa. Iskar arewa maso gabas, mai ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, tana kwashe ɗumin da jiki ya tara a ƙarƙashin riga. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, don haka sanyi ke ta ƙaruwa har zuwa goshin asuba, lokacin da wuta ta riga ta mutu. Ƙasar da aka kwanta a kanta ba tabarma tana zuƙe ɗumin jiki. Ruwa ya fi iska saurin jan zafi har wajen ninki 25, shi ya sa jiƙaƙƙen wando ya fi rashin bargo illa. Likitoci na cewa jiki ya shiga haɗari in zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 35, kuma ba sai da ƙanƙara ake kaiwa can ba, musamman ga jariri da tsoho da mai yunwa. Ga ƙishirwar da ba a ji, domin gumi na bushewa kafin a gan shi. Ga faso da haɓo da tari. Ga hazo, wanda ke shafe dutsen da matafiyi ke saiti da shi da rana, ya ɓoye Kaza da 'Ya'yanta da dare.

Madugun da ya fahimci wannan zai ga cewa wurin jifa ba tsakar dare ba ne. Da la'asar ake cin daren ɗari ko a faɗi, lokacin da ayari ke yanke shawarar inda zai yada zango. A sauka cikin kwarin? Ruwa na kusa, don a wurare da yawa na dallol rijiya ba ta da zurfi, ga kaba ga inuwar gawo, amma iska mai sanyi ta fi nauyi, kwari take gangarowa ta kwanta. A hau tudu? Can iska ba ta da shamaki, ruwa kuma sai an yi tafiya. Wannan zaɓi na 'yan wasa ne, bai kamata ɗan ludo ya yi musu shi ba. Aikin gwajin gwaninta shi ne ya nuna abin da mutumin ya iya gani kafin a zaɓa. Maharbin da ya ci jifarsa sai madugu ya ce masa ga kurmin geza can a gefen gangare, zai tare iska. Wanda ya faɗi bai ga kurmin ba, amma har yanzu da sauran dabara a hannunsa.

Neman abinci ma haka. Littafin ya yanka 10 ga daji mai yalwa, 15 ga mai ɗan dama, 20 ga ƙeƙasasshe, ya ce mutum na bukatar abinci kusan rabin kilo da ruwa kusan lita 4 a yini. Adadin ya yi, amma bai da ɗanɗano sai an sa masa suna. Wanda ya ci jifa ya dawo da magarya da goriba da aduwa. Wanda ya gaza kaɗan ya dawo da anza, wadda Arawa, mutanen yankin, suka sani sarai a shekarun yunwa: tana ƙosarwa, amma sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, ga shi ruwan salka ƙidayayye ne. Mai neman itace da ya faɗi ba hannu rabbana zai dawo ba. Ya samo karan gero maimakon sabara, wuta ta tashi bal-bal ta mutu kafin tsakar dare. Ko ya samo itacen kirki amma duhu ya riske shi, ya sa hannu inda kunama take. Kowace faɗuwa ta haifi sabuwar shawara, labari ya ci gaba.

Wasu masu tsara wasanni sun riga sun bi wannan hanya. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, na 2008, ya kawo tsarin da ayari duka ke tara nasarori da gwanintoci daban-daban kafin faɗuwarsu ta kai wani adadi, yawanci uku. Forbidden Lands, wanda kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya fitar a 2018, ya fi shi kyau a wannan fanni. Ya raba yini gida huɗu, a kowane kaso mutum ya ɗauki aiki: jan gaba, gadi, neman abinci, farauta, kafa zango. In jifa ta ƙi, akwai jadawalin tsautsayi da ke faɗin abin da ya lalace. Bahaushe zai gane tsarin nan da nan, domin haka fataken goro na ƙarni na 19 suka riƙa tafiya daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja cikin rani: madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na kula da sahun ayari. Ba mutum ɗaya ke ɗauke da ran tafiyar ba.

Akwai haɗurra biyu da littattafan ƙasashen ƙanƙara ba su cika damuwa da su ba, alhali su ne kan gaba a nan. Na farko wuta. A dajin da ciyawa ta bushe ƙayau kuma iska na kaɗawa, hura wuta ba shi ne gwaninta ba, tsare ta ne. Jifar da ta fi dacewa ita ce ta share fili kewaye da murhu da ta mai gadin da barci ke fizga, domin gobarar daji na cinye kiwon shekara a dare ɗaya. Na biyu hayaƙin gawayi. Ayarin da ya samu ɗaki ya shige da kaskon wuta ya toshe ƙofa da taga ya tsira daga iska, ya faɗa hannun gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da kasala ta ƙare shi cikin barci. Yaron da mutuminsa ya sume a wasa saboda wannan zai tuna ya bar taga a buɗe a gida.

Kayan wasan ba su da tsada. Ɗan ludo mai fuska 20 yana da wuyar samu a kasuwannin karkara, amma uku na ludo na yau da kullum suna ba da 3 zuwa 18, kuma sun fi karkata ga 10 da 11, abin da ke sa ƙwarewa ta rinjayi sa'a. Malamin makaranta ko shugaban fadar matasa da ke son gwadawa ya ajiye jadawalin ƙanƙara a gefe, ya sami tsohon makiyayi ko maharbi ya tambaye shi abin da yake yi tsakanin la'asar da magariba in dare zai same shi a daji cikin Janairu. Amsoshin da zai bayar su za a rubuta a matsayin gwaje-gwajen wasan, jifa uku ko huɗu a yini sun wadatar.