Ma'aunin Ingancin Littafin Jagora na Manhajar Ɗaukar Hoton Shafi: Darasi daga Rubutun Ajamin Kano

Gabatarwa

Rubuce-rubucen ajami da a da sai an je zaurukan malamai a cikin birnin Kano ko rumfunan littattafai na Kasuwar Kurmi kafin a gan su, yanzu irinsu da dama suna kan intanet. Shirin ceto taskoki na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, da taskar ajami ta Jami'ar Boston a Amurka, sun ɗora hotunan rubuce-rubucen Afirka ta Yamma masu yawa. A lokaci guda kuma an samu manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake wakiltawa su buɗe shafi, su ɗauki hotonsa, su karanta, su kawo rahoto. Irin wannan wakili ba ya ganin komai sai hoton da aka miƙa masa. Saboda haka littafin jagoran manhajar da ke ɗaukar hoton ya zama abin da ya kamata manazarcin Hausa ya iya aunawa.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton

Fitattun manhajojin wannan aiki su ne Puppeteer, wadda kamfanin Google ya fitar a 2017, da Playwright ta kamfanin Microsoft a 2020. Dukansu suna sarrafa burauza ba tare da mutum yana kallo ba. Idan ba a sauya tsari ba, Puppeteer tana buɗe taga mai ɗigo 800 a faɗi da 600 a tsawo, Playwright kuma 1280 da 720, kuma abin da ya bayyana a tagar kaɗai suke ɗauka sai an umarce su da ɗaukar shafin baki ɗaya. Wannan girma ya wadaci shafin labarai, amma ganyen littafi mai layuka masu cunkoso da sharhi a gefe yakan rasa ƙananan alamominsa a cikinsa.

Ma'aunai Huɗu

Ma'auni na farko shi ne ko jagoran ya fayyace girman hoton da yadda ake ƙara kaifinsa. A ajamin Kano, wanda ya bi tsarin rubutun Magariba da ƙira'ar Warshu, ɗigo ɗaya ne ke raba ma'ana: harafin fa yana da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wasalin e ma ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin baƙi. A rubutun Gabas kuwa, ɗigo ɗaya a sama na fa ne. Na'urar da ta saba da na Gabas tana iya karanta ƙasa a matsayin fasa ko da hoton ya fito sarai, balle idan ya dusashe.

Na biyu shi ne batun zubin haruffa. Idan kwamfutar da ke ɗaukar hoton ba ta da zubin da ya ƙunshi ɓ, ɗ da ƙ, akwati mara komai ne zai maye gurbinsu, wakilin kuma ya cike giɓin da hasashe, ƙafa ta koma kafa. Ajamin da aka buga da kwamfuta ya fi fuskantar wannan haɗari, domin sai a 2016 tsarin Unicode ya ware wa fa da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu, kuma zubi da yawa har yanzu ba su ɗauke su ba. Jagora nagari zai faɗi ƙarara cewa sakamako ya dogara da haruffan da aka girka.

Na uku shi ne lokacin ɗauka. Taskoki da yawa ba sa sauke hoton ganye sai an gangaro zuwa gare shi. Manhajar da ta yi gaggawa za ta miƙa farin fili, ba tare da sanar da wani kuskure ba. Wajibi ne jagoran ya bayyana yadda ake jira da yadda ake gane hoton da bai cika ba.

Na huɗu shi ne shaidar asali, wato ko manhajar tana ajiye adireshin shafi da ranar ɗauka da tsarin da aka bi. Ba tare da waɗannan ba, wani manazarci ba zai iya maimaita aikin ya tabbatar da shi ba.

Kammalawa

Wannan buƙata ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), lokacin da Shehu Magili ya zauna a birnin, kwafar littafi da hannu ta kafu a matsayin aikin ilimi. Magwafi yakan rufe littafi da sunansa, wani lokaci da ranar gamawa da sunan wanda aka rubuta wa, sannan a gwada kwafin da asali a gyara a gefe. Da wannan ne mai karatu ke sanin iyakar amincin abin da ke hannunsa. Jagoran da ya lissafa abin da manhaja ke iyawa kaɗai, ya yi shiru a kan abin da take zubarwa, ya bar manazarci da kwafi mara sanadi. Kafin sashen Hausa ya amince da sakamakon kowane wakili, ya dace a gwada manhajar da ganye ɗaya na ajami da aka riga aka san karatunsa, a ga ko abin da jagoran ya faɗa ya yi daidai da abin da ya fito.