Yadda Za A Rage Kaɗaici Ga Salwa Guda Da Ake Kiwo A Gida

Salwar da ake kiwo a Nijeriya asalinta daga ƙasar Japan ne, inda aka daɗe ana ajiye ta saboda daɗin kukanta tun kafin a fara kiwonta don ƙwai. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ce ta shigo da ita a shekarar 1992. Wajen shekarar 2013, lokacin da ƙwan salwa ya yi tashe, gidaje da yawa a Maiduguri da sauran biranen Arewa sun shiga kiwonta. Kasuwar ta lafa, amma tsuntsuwar ta zauna. Har yanzu akan tarar da gidan da aka ba yaro guda ɗaya ya riƙa wasa da ita, ko gidan da zafi ya kashe saura ya bar ɗaya a keji. Irin wannan salwa takan rame alhali ga abinci a gabanta, mai ita kuma ya yi ta ɗura mata magani a banza.

Alamomin kaɗaici

Salwar gida a cikin 'yan'uwanta ake ƙyanƙyashe ta, cikinsu take tashi. A shekarar 1991 masu bincike biyu a Faransa, Mills da Faure, sun bayyana gwajin da suka yi, inda suka ɗora ɗan salwa a kan wata shimfiɗa mai juyawa, suka ajiye 'yan'uwansa a gaba, suka auna nisan da zai yi gudu don ya cim musu. Sun gano cewa son kusantar 'yan'uwa gado ne a jinin salwa, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga tsatso zuwa tsatso. Shi ya sa wata takan jure zaman kaɗaici, wata kuwa mako guda ya ishe ta ta lalace.

Wadda abin ya dama za a gan ta tana kai da komowa a jikin raga har gashin goshinta ya zube. Namiji yakan tsananta cara dare da rana, mace kuma ta yi ta ƙaramin kuka, ta rage ci, wani lokaci ta daina ƙwai. Amma kada malamin gona ya yi saurin yanke hukunci. Zawo, majina, kumburin ido, ko tsayawa da sakakkun fukafukai, alamun cuta ne. A kai irin wannan wurin likitan dabbobi, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Maiduguri, kafin a yi maganar samo mata abokiyar zama.

Abokiyar zama

Babu abin da ke maye wa salwa gurbin wata salwar. Sai dai haɗa su yana da ƙa'ida, kuma a nan ne mafi yawan masu kiwo ke yin asara.

Da farko a san jinsin wadda ke hannu. A irin salwa mai launin ƙasa-ƙasa, daga mako uku zuwa huɗu ƙirjin namiji yakan zama ja-ja ba ɗigo, na mace kuwa fari-fari mai ɗige-ɗige baƙaƙe. Namijin da ya balaga, idan aka matsa ƙarƙashin wutsiyarsa a hankali, wani farin kumfa zai fito. Idan mace ce a gida, a samo mata mace ɗaya ko biyu. Za su yi ƙwai ko babu namiji. Idan namiji ne, kada a ba shi mace guda, domin zai yi ta bin ta da barbara har ya fige mata gashin ƙeya ya ji mata rauni. A ba shi uku zuwa biyar. Maza biyu a ƙaramin keji kuwa faɗa ne, musamman idan suna jin kukan mace.

Sabuwar da aka sayo, ko daga gona ko daga Kasuwar Monday, a ajiye ta daban tsawon mako biyu zuwa uku a ga lafiyarta. Daga nan a jera kejin biyu, ko a raba keji ɗaya da ragar waya, su riƙa ganin juna har kwana bakwai ba tare da baki ya kai ba. Ranar haɗawa a share kejin, a sauya wurin mazubin abinci da na ruwa yadda tsohuwar ba za ta ɗauki wurin nata ba ne, a sa mazubi biyu-biyu, sannan a haɗa su da magariba. Ɗan kora da tsere na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Da zarar an ga jini a raba su nan take, don salwa na bin jini da sara har ta kashe.

Wasu kan jefa ta cikin 'yan tsaki ko kaji, su ce ai tsuntsu tsuntsu ne. Wannan kuskure ne. Salwa ba ta cika wuce giram 150 zuwa 200 ba, kaza na iya hallaka ta da sara ɗaya, kuma kaji kan ɗauki cututtukan da ba su nuna a jikinsu ba amma su kayar da ita.

Kafin a samu ta biyu

Idan ba hali yanzu, ana iya rage mata damuwa. Ƙaramin madubi a jingine a ƙasan keji yakan kwantar da hankalin mace. Namiji wani lokaci faɗa yake yi da hotonsa, idan an ga haka a cire. A ajiye kejin a inda mutanen gida ke zirga-zirga, nesa da kyanwa, mutum ɗaya ya riƙa ba ta abinci a lokaci guda kullum. A hana yara yawan kama ta. Salwa tana ɗaukar hannun da ya zo ta sama tamkar shaho ne.

Abin da ya fi madubi amfani shi ne a ba ta aikin yi. A sa mata tasa da busasshen yashi da ɗan toka ta yi birgima, wanda kuma ke rage ƙuma. A watsa ɗan gero cikin ɓuntun shinkafa ta yi tono, a ba ta gara da ganyen zogale ko latas. Gero kaɗai ba ya riƙe ta. Tushen abincinta shi ne haɗaɗɗen abincin kaji mai sinadarin gina jiki kimanin kashi 20 cikin 100. A kifa mata ƙwarya mai ƙofa ko damin ciyawa a kusurwa, domin tsuntsuwar cikin ciyawa ce, sai ta sami maɓoya take sakewa.

Keji mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita ya ishi salwa huɗu ko biyar. Idan ta firgita sama take zabura, saboda haka kada tsayinsa ya wuce santimita 30, ko kuma a lulluɓe rufin ta ciki da buhu. A Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, a ajiye kejin a inuwar dogonyaro, a sauya ruwa sau biyu ko uku a rana. Da hunturu kuwa, salwa guda ba ta da wadda za ta raɓa ta ji ɗumi, don haka a rufe ɓangarori uku na kejin da buhu da dare, a bar ɗaya don iska.