YADDA ZA A HORAR DA YARA WASANNI BA A JI MUSU CIWO BA

Yau maganarmu a kan horon yara ce wajen ƙwallo, da gudu, da kokawa, da dambe. In kun bi Gyadi-Gyadi ko Tarauni a Kano da yamma, za ku ga yara cike da filayen makarantu, ko wanne yana so wata rana ya buga wa Kano Pillars. Haka kuma yake a ƙauyukanku. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Amma fa akwai horo mai gina yaro, akwai mai nakasa shi.

Ga dalili. Ƙashin yaro bai ƙosa ba. Kusa da gaɓa akwai guringuntsi, daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Wurin nan ba shi da ƙarfi, saboda haka abin da zai zama targaɗe ga babba, ga yaro ya kan zama karaya, har ƙafa ta tashi a karkace. To, kai mai koya musu, kada ka ba su horon manya. Ka raba sa'a guda kashi huɗu.

Da fari, minti 10 na ɗumama jiki. Su yi sassarfa, su juya kafaɗu da ƙugu. Su tsaya da ƙafa ɗaya kamar masu langa, su ƙirga ashirin, su sake ƙafa. Su yi tsalle su dira da gwiwa a lanƙwashe, ba a sandare ba. Irin wannan ne Hukumar FIFA ta tsara a 2006 don rage rauni.

Na biyu, minti 20 na koyo. Masu ƙwallo, a jera musu duwatsu shida, tsakaninsu yadi biyu biyu, su bi da ƙwallo suna zagawa, yau da dama, gobe da hagu. Kada a sa ƙanana buga ƙwallo da ka. A Ingila tun 2020 aka hana yaran firamare wannan wajen horo. Masu gudu su yi yadi 30, su dawo da tafiya, sau biyar. Masu kokawa, a fara koya musu faɗuwa bisa yashi, haɓa a ƙirji, kada su tokare da hannu. Masu dambe su naushi buhun tsumma, ba kan junansu ba.

Na uku, minti 20 na wasa, tsara da tsara. Kada a haɗa ɗan shekara 9 da ɗan 15. Na huɗu, minti 10 na tafiya a hankali har numfashi ya kwanta.

Kada kuma a tsare yaro a kan wasa ɗaya shekara duka, domin gaɓar da ake ta mora ita ke fara ciwo. A riƙa sauyawa, a kuma ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu cikin mako.

Sai batun rana. A Kano cikin watan Afrilu zafi ya kan kai digiri 40. A yi horo da sassafe ko bayan La'asar, a sha ruwa mai tsabta ko wane minti 20. Yaro mai zazzaɓi ba ya wasa. Mai ciwon sikila kuwa, sai an tambayi likita.

Ku iyaye, ga abubuwan da ba a jira da su. Yaron da ya bugu a ka, ya yi amai, ko jiri, ko ya ruɗe, ya bar wasa nan take, ku kawo shi ɗakin magani. Haka wanda gaɓarsa ta kumbura ya kasa takawa. Kada a ja, kada a murza. In abin ya fi ƙarfin malamin asibiti, zai tura ku gaba, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi.

Ku tuna, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana su, amin.